Jijiyoyin ƙafata sun kumbura, idon sawuna ya fara baƙi: sai an yi mini aiki?

"Assalamu alaikum Likita. Ni malamar firamare ce a Zariya, shekarata 43, haihuwata shida. Tun cikina na uku jijiyoyi suka fito mini a ƙafar hagu, sun yi ruɗu-ruɗu kamar an kwantar da igiya a ƙarƙashin fata. A da ba sa damuna, amma yanzu in na taso daga makaranta ƙafar takan yi nauyi ta kumbura, kuma wajen idon sawu ya fara baƙi yana ƙaiƙayi. Wasu sun ce sanyi ne, wasu sun ce in je wanzami ya yi mini ƙaho a fitar da mataccen jini. Wani likita kuma ya ce sai an yi aiki an cire jijiyar. Tsorona shi ne, in an cire ta, ta ina jini zai bi? Akwai magani ba tare da tiyata ba? In kuma na yarda aka yi, me zan tarar?"

Wa alaikumus salam Malama, Allah ya ƙara sauƙi. Ni likitan tiyata ne, kuma da wuya mako ya wuce ban ga irin wannan ƙafa ba. Abu uku kika tambaya: ko ciwon yana jin magani ba tare da wuƙa ba, ko cire jijiyar zai tare wa jini hanya, da kuma abin da ke biyo bayan aikin. Sai dai akwai magana ɗaya a cikin bayaninki da ta fi tsaya mini a rai, wato baƙin da ya fara fitowa a idon sawu tare da ƙaiƙayi. Jijiyoyin sun daɗe suna nan ba su hana ki komai ba. Wannan baƙin kuwa sabon abu ne, kuma saboda shi ba zan ce miki ki ci gaba da haƙuri ba.

Abin da ke faruwa a cikin ƙafar

Mu Hausawa kalma ɗaya muke da ita, jijiya, ga abubuwa da yawa: mai kai jini, mai dawo da shi, da mai kai saƙon ji da motsi. Shi ya sa da an ce wa mutum za a cire masa jijiya sai gabansa ya faɗi, yana ganin ƙafar za ta shanye. Wadda muke magana a kanta mai mayar da jini ce daga ƙafa zuwa zuciya, babu ruwanta da motsin ƙafa.

Jinin da ya sauka ƙafa dole ya hau ya koma, kuma abu biyu ke taimakonsa. Na farko naman dambubu, wanda duk takun da kika yi yake matse jijiyoyin yana tura jini sama. Na biyu wasu 'yan marufai ne a cikin jijiyar, masu buɗewa ta sama kaɗai, jini na wucewa su rufe. Hanyoyin komawar kuma kashi biyu ne. Akwai na can ciki tsakanin tsoka, su ke ɗauke da wajen kashi 90 cikin 100 na jinin. Akwai kuma na ƙarƙashin fata masu ɗaukar ragowar. Babbar cikin waɗannan ta taso ne daga gaban idon sawu ta ciki, ta bi gefen gwiwa da cinya, ta haɗe da ta ciki a matsematsi. Ƙaramarta tana bin bayan dambubu ta shige a bayan gwiwa.

Kin san famfon tuƙa-tuƙa in robarsa ta cinye, kina bugawa ruwan na komawa ƙasa. Haka jijiyar nan take yi in marufanta suka saki. Jini ya hau sai ya zubo baya, ya taru a rassan da ke ƙasa, su buɗe su murɗe. Yawanci yoyon daga sama yake, a matsematsi ko cinya inda ba kya ganin komai, abin da kike gani a dambubu sakamakonsa ne. Wannan ya sa duk maganin da ya tsaya kan kumburin da ido ke gani ba ya kai ko'ina.

Babban dalili gado ne, ki duba ƙafar mahaifiyarki ko gwaggonninki. Sai ciki, domin jinin mace yana ƙaruwa, sinadaran jiki suna sassauta bangon jijiya, mahaifa kuma tana danne manyan hanyoyin jini a mara. Kowane ciki yana ƙara wa na baya. Sai doguwar tsayuwa wuri ɗaya, irin taki a gaban allo, da ƙiba, da shekaru. Kada ki ɗauka ciwon mata ne kaɗai. Wani babban bincike da aka yi a birnin Edinbara, aka buga a 1999, ya sami irin wannan kumburi a jikin kusan mutum ɗaya cikin uku na manya, kuma mazan ba su gaza matan ba. Ni ma mahauta da masu shayi da masu gadi suna zuwa mini, sai dai maza ba sa zuwa sai ƙafa ta fashe.

Baƙin idon sawun daga jinin yake. Matsin da ya yi yawa yana sa ƙwayoyin jini su tsattsafo cikin fata, su mutu a can, su bar sinadarin ƙarfen da ke cikinsu kamar tsatsa. Daga nan fata ta bushe ta yi ƙaiƙayi, a hankali ta yi tauri ta ɗame, har wata rana ɗan ƙwarzane ya zama gyambon da zai yi watanni bai rufe ba. Ba kowa ke kai wa nan ba. Mutane da yawa suna tsufa da jijiyoyinsu ba abin da ya same su. Amma wadda fatarta ta fara sauyawa ta hau wannan hanya, kuma gyara a yanzu ya fi sauƙi nesa ba kusa ba.

Maganar ƙaho

Ina roƙonki kada ki bari a yi tsaga ko ƙaho a kan wannan ƙafa. Babu mataccen jini a ciki. Jinin jijiyar da ke komawa zuciya dama duhu gare shi a jikin kowa, kuma ko an zuƙe shi, kina miƙewa jijiyar za ta sake cika, tunda yoyon na nan. Abin da aska za ta bari shi ne rauni a kan fatar da ba ta da ƙarfin warkewa. Na taɓa jinyar wani dattijo mai sayar da hatsi da ya shekara biyu yana fama da gyambo, kuma da muka bi asali, daga 'yar tsaga guda uku ya fara. Ban da haka, jijiyar da ta kumbura in ta huje jini take feshi sosai. In hakan ta taɓa faruwa, ko da sosa ne ya jawo, ki kwanta nan take, a ɗaga ƙafar sama da ƙirjinki, a danne wurin da tsumma mai tsabta da ƙarfi kamar minti goma ba tare da ana leƙawa ba, sannan a tafi asibiti. Kada a ɗaure cinya da igiya, ƙara zubar yake yi.

Hoto kafin komai

Babu likitan da ya kamata ya taɓa jijiyar nan bai yi miki sikanin na jijiyoyi ba, wanda ake kira Dofla. Na'ura ce irin wadda ake duba ciki da ita, ba zafi, ba allura. A tsaye ake yin sa, domin a kwance jijiyoyi sukan lafa yoyon ya ɓuya. Mai hoton zai matsa dambubu ya saki, ya ga ko jini yana komawa baya. In ya wuce rabin daƙiƙa yana komawa, marufan sun lalace.

Hoton nan shi ne ke amsa tsoronki. In hanyoyin ciki lafiya suke, rufe ta waje ba ya rage komai, domin jijiyar da ke yoyo ta riga ta daina aiki, kaya ma take ƙara wa na ciki. An rufe ta, jini ya bi hanyar da dama yake bi, ƙafa ta sami sauƙi. Inda tsoronki yake da gaskiya shi ne in gudan jini ya taɓa toshe hanyar ciki, abin da kan faru bayan haihuwa ko doguwar jinya, har ta wajen ta zama ita ce mafita. A nan ba a taɓa ta sai da dogon nazari. Saboda haka in kin taɓa samun ƙafa ɗaya ta kumbura farat ɗaya da zafi, musamman lokacin jego, ki faɗa wa likita ko bai tambaya ba.

Ni daga nan ban ga ƙafarki ba, ban taɓa ta ba, kuma a ƙasarmu ba kowane kumburi ko baƙin ƙafa ba ne na jijiya. Ciwon zuciya da na ƙoda da na hanta suna kumbura ƙafa, galibi duka biyun. Akwai tundurmi. Masu sikila suna samun gyambo a daidai wannan wuri na idon sawu, masu ciwon suga kuma nasu ya fi fitowa a tafin ƙafa da yatsu. Bayaninki ya fi kama da na jijiya, amma hannu da hoto ne za su tabbatar.

Abin da za ki iya yi ba tare da aiki ba

Akwai safar asibiti mai matse ƙafa, wadda ta fi ɗamewa a idon sawu ta riƙa sassautawa zuwa gwiwa. Tana rage nauyi da kumburi ƙwarai, kuma tana kare fata. Ana auna ƙafa kafin a saya, ana sa ta da safe kafin ƙafa ta cika, a cire da dare, a sauya ta bayan wata uku zuwa shida domin robarta na saki. Kafin a ba ki, sai an tabbatar jijiyoyin da ke kawo jini ƙafar a buɗe suke, don matse ƙafar da jini ba ya isarta haɗari ne. Na san wuyarta. A zafin watan Afrilu ba kowa ke iya yini da ita ba, ga kuma alwala sau biyar. Marasa lafiyata da yawa sukan sa ta bayan sallar asuba su cire da azahar in sun taso aiki, kuma hakan ya fi babu, tunda lokacin tsayuwar ne ake buƙatarta. Hukuncin shafa a kanta kuwa na malamai ne, ki tambaye su a matsayin mai lalura.

A aji kada ki kafe wuri ɗaya. Ki riƙa zagayawa tsakanin layukan yara, in kina tsaye ki riƙa ɗaga dunduniya kina saukewa. In kin dawo gida ki kwanta ki ɗora ƙafar a kan filo biyu ko uku har ta fi ƙirji tsawo, na minti 20 ko 30. Ɗora ta a kan kujera kina zaune ba ya wadatarwa. Ki riƙa shafa mai marar turare kamar basilin a fatar, kuma ki nisanci mayukan ƙaiƙayi da na bilicin da ake saya a kemis, domin da yawa daga cikinsu suna sirantar da fata in an daɗe ana shafawa. Akwai ƙwayoyi irin su Daflon da ke rage nauyi da ciwo ga wasu. Ban hana ba, amma babu ƙwaya ko jiƙo ko safa da ke mayar da marufin da ya saki. Duk waɗannan riƙon ƙwarya ne, ranar da aka daina abin ya dawo.

Hanyoyin rufe jijiyar

Duk aikin da ake yi manufarsa ɗaya, a fitar da jijiyar mai yoyo daga hanya. Tsohuwar dabara ita ce tiyata. Wani likitan Jamus, Trendelenburg, ya yi suna da ɗaure jijiyar a cinya tun wajen 1890, a 1907 kuma Babcock a Amurka ya kawo wayar da ake zura wa jijiyar a zaro ta. Har yau kusan haka ake yi: a yi ɗan yanka a matsematsi a ɗaure bakin jijiyar, a zare ta zuwa ƙasan gwiwa kaɗan, sannan a ciro rassan da suka kumbura ta 'yan huji ƙanana. Ana yi da allurar baya ko ta barci. Cinya takan yi tsami da taruwar jini na mako biyu ko uku, kuma yawancin mutane suna komawa aiki cikin wannan tsakanin.

Daga ƙarshen shekarun 1990 aka fara rufe jijiyar daga ciki da zafi. Ana huda ta da allura kusa da gwiwa ana kallo a sikanin, a zura siririyar waya har matsematsi, a zagaye jijiyar da ruwan kashe zafi, sannan a kunna. Wata na'urar da hasken leza take aiki, wata da zafin lantarki da ke kai digiri 120 a ma'aunin Selsiyus. Bangon jijiyar ya ƙone ya manne, jiki ya shanye ta cikin watanni. Idonki biyu ake yi, ba ya cika wuce awa ɗaya, kuma da ƙafarki za ki fita. Abin da ya fi damun mutane shi ne alluran kashe zafin da ake jerawa a cinya. Fiye da tara cikin goma na jijiyoyin da aka yi wa haka suna rufewa.

Sai allurar kumfa. Ana kaɗa wani magani da iska har ya yi kumfa, a tura cikin jijiyar ya ƙone bangonta. Ta fi sauƙin kuɗi da sauri, kuma tana da kyau ga rassa da jijiyoyin da suka dawo bayan aiki. Amma a babbar jijiya ta fi saurin sake buɗewa, sau da yawa sai an maimaita. Ga mu masu baƙar fata kuma takan bar duhu a kan layin jijiyar da zai yi watanni, wani lokaci fiye da shekara. Akwai kuma gam na musamman da ake liƙe jijiyar da shi, wanda Amurka ta amince da shi a 2015. Ba ya buƙatar jerin alluran nan, sai dai yana da tsada, kuma jikin wasu yana ƙin sa.

Hukumar NICE da ke tsara ƙa'idar jinya a Ingila ta jera su a 2013: a fara da ƙona jijiyar da na'urar zafi, in bai dace ba kumfa, in ita ma ba ta dace ba tiyata, kuma kada a bar mutum da safa kaɗai sai in aiki ba zai yiwu ba. Wani gwaji a Birtaniya mai mutum 798, da aka bi su shekara biyar aka buga sakamakon a 2019, ya nuna waɗanda aka yi wa leza da waɗanda aka yi wa tiyata sun fi na kumfa jin daɗin ƙafarsu. Wannan sakamako yana da amfani gare mu. Na'urorin zafin a Najeriya sun fi samuwa a asibitoci masu zaman kansu na Legas da Abuja, da kuɗi mai nauyi, alhali tiyata ana yin ta a asibitocin koyarwa. Ina ganin mutane suna zaune da ƙafa tana lalacewa suna tara kuɗin leza, suna ganin tiyata koma-baya ce. Bambancinsu yana cikin makonnin farko ne, wajen ciwo da saurin komawa aiki. Bayan shekaru sakamakonsu ya yi kusa da juna. Tiyatar da aka yi bisa hoto mai kyau, a hannun wanda ya saba, aiki ne mai kyau.

Bayan aikin

Kowace hanya aka bi, za a naɗe ƙafar da bandeji, sannan ki sa safa na mako ɗaya ko biyu. Tafiya ake so tun ranar farko, kwanciya ita ce abin gudu. Bayan 'yan kwanaki za ki ji kamar an ja igiya a cikin cinya, da wasu ƙulli masu tauri a inda rassan suke. Jijiyar ce ke bushewa, yana wucewa. Wasu sukan ji wani yanki na fata ya yi dindiris kusa da ƙwauri, domin akwai siririyar jijiyar ji da ke tafiya dab da wadda aka rufe. Galibi yana dawowa cikin watanni, ga kaɗan kuma yana zama. Raunin matsematsi yana iya ɗaukar ƙwayar cuta, musamman ga mai jiki.

Haɗarin da muke sa wa ido shi ne gudan jini a jijiyar can ciki ta ƙafa, wanda ke samun kamar mutum ɗaya cikin ɗari ko ƙasa da haka. In ƙafar ta kumbura gaba ɗaya da ciwo mai tsanani, ko numfashi ya yi wuya, ko ƙirji ya soke, a tafi asibiti a wannan sa'ar. Ki faɗa wa likita in kina shan ƙwayar tazarar haihuwa, domin wasu suna ƙara wannan haɗari. In kuma kina da niyyar Umra ko Hajji, a tsara aikin yadda zai ba da tazarar aƙalla wata ɗaya kafin hawa jirgi.

Nauyi da ciwo da kumburin yamma su ke fara tafiya, yawanci cikin makonni. Ƙaiƙayi yana lafawa. Baƙin fatar kuwa yana iya raguwa kaɗan a hankali, amma kada ki sa rai zai koma yadda yake a da. Abin da aikin zai yi shi ne ya tsayar da shi inda yake. Sannan aikin ba ya canza gadon da kika yi, don haka cikin shekaru sababbin jijiyoyi suna iya fitowa. Ana ƙiyasta hakan ga mutum ɗaya zuwa uku cikin goma, kuma sau da yawa allurar kumfa tana isar musu.

Ba ki faɗa mini ko kina sa ran wata haihuwar ba. Ba a yin wannan aiki da ciki, safa ake ba mai ciki, kuma jijiyoyin da ciki ya fito da su sukan ragu cikin wata uku bayan haihuwa. A da ana ce wa mata su jira sai sun gama haihuwa. Ga wadda fatarta ta fara baƙi, ni ba na ba da wannan shawara, domin fatar ba ta jira. Ko ga waɗanda gyambo ya riga ya fito musu, wani gwaji da aka yi wa mutum 450 a Ingila, aka buga a 2018, ya nuna waɗanda aka rufe wa jijiyar da wuri sun warke a matsakaicin kwana 56, waɗanda aka jinkirta wa kuma kwana 82. Ke ba ki kai can ba, kuma burina kada ki kai.

Da ƙanwata ce ke, zan ce ki nemi takardar turawa zuwa sashen tiyata na asibitin koyarwa mafi kusa da ke, ga na Shika nan a bakin ƙofarki, ki nemi a yi miki Dofla a tsaye. Ki tambayi likitan abu uku: wace jijiya ce ke yoyo, hanyoyin ciki a buɗe suke, kuma wace hanya ya fi sabawa da ita. In za a yi aikin, babban hutun makaranta ya ishe ki warkewa. Kafin nan ki fara sa safar da ɗaga ƙafar, ki yanke farce saboda sosa cikin barci. Ranar hoton ki sa zani mai sauƙin ɗagawa, domin za a duba tun daga matsematsi har idon sawu, kuma kina da damar neman mace ta yi miki ko ma'aikaciyar jinya ta tsaya tare da ke. Allah ya ba ki lafiya.